Inna, Mai Awaki a Gidajen Mutane

Inna ta rasu da hantsi, ranar wata Laraba, bayan an gama yankan shinkafa. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar kuwa tsakar gidanmu ta cika har sai da aka shimfiɗa tabarmi a gidan maƙwabta. Ni matar babban ɗanta ce, a hannuna ta yi jinya, don haka ni aka zaunar a bakin ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwa. Na ɗauka na san mutanenta kaf, tunda na fi shekara ashirin a gidan. Ashe ko rabinsu ban sani ba.

Mata suka yi ta shigowa daga ƙauyukan bakin fadama, wasu ƙafafunsu duk laka don sai da suka tsallako ruwa. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah Ya ji ƙanta," sai ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba. Wannan ta ce da 'ya'yan akuyar da Inna ta ba ta ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Waccan ta ce tun ranar da Inna ta kawo mata kaza ba ta sake zuwa aron gishiri gidan kowa ba. Wata kuwa ta dire ƙwaryar ƙwan zabi a gabana, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Can sai ga aminiyarta, wata tsohuwa Babarbariya daga Guri, tana dogara sanda. Su biyun sun ƙare rayuwarsu suna tsokanar juna irin ta Fulani da Barebari, kowacce tana cewa ɗayar baiwarta ce. Ta leƙa ɗakin, ta dubi gadon da babu kowa, ta ce da ƙarfi, "To, baiwata ta gudu ba ta nemi izini ba! Wa ya 'yanta ta?" Mata suka fashe da dariya da hawayensu a fuska. Ita kuma ta zauna a bakin gadon ta yi kukan da ban taɓa ganin tsohuwa ta yi ba.

A waje ma, maigidana ya ce akwai wani magidanci mai kiwon raguna da ya yi ta kuka a maƙabarta har sai da aka janye shi gefe, alhali ba dangin iya ba na baba. Zan zo kan labarinsa.

Jikokinta ƙanana ba su san ta ba sai a matsayin tsohuwar da ke zaune kan tabarma tana gurza goro. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani da idona, tun kafin ni ma in fara mantuwa.

Inna 'yar makiyaya ce. Tana 'yar budurwa aka yi babban farin nan da ya ƙarar da shanun mutane, mahaifinta ya wayi gari da sanda a hannu babu abin korawa sai 'yar karsana guda. Suka yada zango a nan gefen kogi, ba su sake tashi ba. Daga baya aka aurar da ita ga masunci, abin da danginta suka daɗe suna yi mata gori a kai, wai Bafulatana ta ƙare a gidan ƙarni. Ta zauna da shi lafiya har mutuwa ta raba, ta wanke masa komar kamun kifi, ta yi masa bandar kifi, amma ko sau ɗaya kifi bai taɓa shiga bakinta ba. In mun yi miyar kifi, tukunyarta daban, ludayinta daban.

Da aka kawo ni gidan, kwana kaɗan da biki, ta aiko a kira ni. Na je na durƙusa ina sunkuyar da kai, ina zaton faɗan surukai za a fara. Sai ta ɗaga wani kwando, ga kaza baƙa kwance a kan ƙwai.

"Amarya," in ji ta, "na ga kwanukan da aka jera miki, sun yi kyau. Amma kwano ba ya haihuwa. Ga wannan, taki ce. Rabin ƙwan nata ne, rabi na zabi ne na saka mata, ba za ta gane ba. Ki ba ta ruwa, ki kiyaye ta da shaho."

Tun daga ranar Amarya take kira na, har na aurar da 'yata ta fari. Shi kuwa maigidana, da yake ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai dai "mutumin nan" ko "wancan". Ko yana zaune a gabanta, ni take duba ta yi maganar.

Tana da maganganun da duk wanda ya zauna da ita ya haddace. Takan ce, "Talauci ba ya son gidan da yake jin kukan dabba." In ta ga mace ta zauna ta rafka tagumi tana jiran abin da miji zai shigo da shi, sai ta ce, "Abin da yake numfashi a gidanki, ko kina barci aiki yake yi miki." Da safe, kafin ta kurkure baki da koko, sai ta zaga turken awaki ta duba kashinsu da idanunsu, tana yi musu magana da Fulatanci. Kowacce da sunanta. Ba ta cin naman dabbar da ta kiwata da hannunta, in layya ta zo sai ta yi musanya da maƙwabci.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne ba da akuya. In ta ji labarin macen da mijinta ya mutu, ko wadda ruwa ya cinye musu gona, ko wadda dai abin duniya ya yi wa katutu, sai ta zaɓi akuya mai ciki ta aika mata. Sharaɗin ɗaya ne. Haihuwar fari da ta biyu na mai riƙo ne, daga nan sai a dawo da uwar, ko Inna ta faɗi gidan da za a miƙa ta. In akuya ta mutu ba da sakaci ba, babu bin kowa. Ba ta taɓa kiran abin da suna taimako ba. Cewa take, "Turkena ne ya yi kaɗan, ki riƙe mini."

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Magidancin nan da ya yi kuka a maƙabarta, a da ba a yi masa shaidar kirki. Yana da ƙarfi, amma zaman majalisa ya fi masa noma daɗi, matarsa da yaransa kuwa suna wahala. Inna ta ba matar akuya. Ba a rufa wata biyu ba, ranar wata kasuwa ya kwance ta ya kai ya sayar. Matar ta zo gidanmu, ta kasa ko ɗaga ido.

Na zaci Inna za ta kai ƙara wurin mai unguwa. Sai ta ce wa matar ta koma gida ta share hawayenta. Ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci, ta sa aka jawo mata wani ɗan rago ramamme, ta tsaya a gefen hanya da lulluɓinta. Da mutumin ya zo wucewa tare da liman da dattawan gari, sai ta kira shi.

"Ɗana, zo mana. Na ga alama ka san hanyar kasuwar dabbobi, ka kuma iya ciniki. Ni tsufa ya hana ni. Ga wannan, ka kiwata mini shi zuwa layya, ka sayar mu raba riba. Malam, ku shaida amana na ba shi."

Ba ta ambaci akuya ba ko da wasa, amma babu wanda bai san zancen ba a wurin. Ya karɓi ragon kansa a ƙasa. Ko kunya ce ta kama shi, ko Allah ne Ya kawo lokacin shiriyarsa, oho. Mu dai mun ga mutumin da ba ya tashi sai rana ta take ya koma fita yankan ciyawa tun da sanyin safiya. Ragon ya yi ƙiba har ana zuwa kallonsa. Yau a garinmu in ana neman ragon suna ko na layya, ƙofar gidansa ake fara zuwa. Na taɓa tambayarta me ya sa ta ƙara wa wanda ya ci amana wata amanar. Ta ce, "Da na sake ba matar, da ya sake sayarwa. Gara in ɗaure shi da ragon a turke ɗaya."

Ba wai ba ta da taurin kai ba. Tana da shi, mai yawa ma. Shekarar da annobar kaji ta shigo mana, ta dage a kan barkono da ɓawon maɗaci a ruwan sha, kamar yadda ta gada, har muka yi asarar fiye da rabin kajinmu. Ni ce na saci jiki na kira malamin dabbobi ya ɗiga wa nawa magani a ido. Da ta ga nawa sun tsira, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba. Amma da shekara ta zagayo, ita da kanta ta bi gida gida tana cewa kowacce mace ta kulle kajinta a akurki gobe mai magani zai zo. Da na fara kiwon kajin gidan gona kuwa, ta tsaya a bakin ɗakin ta daɗe tana kallonsu, fari fat sun cika wuri suna ci ba ɗagawa. Ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, marayun Allah. Ba su san uwarsu ba, ba su san tsakuwa ba." Duk da haka, in na tafi unguwa ita take canza musu ruwa, tana yi tana mita.

Rigima mafi girma da na gani a gidan ita ce wadda ta shiga tsakaninta da maigidana. Shi sana'ar mahaifinsa ya gada, su. A farkon aurenmu yakan dawo da gorarsa cike da tarwaɗa da karfasa, mu ci mu sayar mu ba maƙwabta. A hankali ciyawar nan kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe inda kwalekwale yake bi, masunta suka yi yawa, kifi ya yi ƙaranci. Aka kai lokacin da zai wuni cikin ruwa ya dawo da abin da bai isa miya ba. Abokansa suka fara tafiya kudu neman aikin ƙarfi. Shi kuma ya je Haɗejiya ya ga wani yana kiwon tarwaɗa a tafkin da ya haƙa da hannunsa, abin ya shiga ransa. Sai dai ba shi da jari.

Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gida, ya gyara murya ya ce, "Inna, awakin nan naki da ke hannun mutane, da za a tattaro ko rabinsu a sayar, da na haƙa tafki na zuba kifi."

Ba ta dube shi ba. Ta dube ni ta ce, "Amarya, tambayi mutumin nan, gidan wace marainiya zan fara shiga in kwance akuya?"

Ya ce, "Inna, na waje kike gani, na cikin gida fa? Yaran nan jikokinki ne."

Ta ce, "Amarya, gaya masa ni ban taɓa jin an yi kiwon abin da ba ya amsa kira ba. Saniya ta san mai ita, akuya ta san mai ita, kaza ma in ka watsa tsaba ta taho. Kifi fa? Ka zuba dukiya a rami ka rufe da ruwa, ka ce kiwo kake?"

Ya tashi ya fita. Daga nan gidan ya yi tsami. Yana gaishe ta safe da yamma, tana amsawa, amma daga gaisuwa babu ƙari. Ni ce a tsakiya, in kai wannan in kawo wancan, in rage wa kowace magana zafi kafin in isar. Da abin ya ishe shi sai ya ce mini in wanke masa kayansa, zai bi abokansa kudu bayan kasuwa mai zuwa. Na wanke na shanya ina hawaye, don na ga yadda gidajen da mazansu suka tafi suke zama. Inna ta fito ta ga riguna jere a igiyar shanya, har da babbar rigarsa ta Juma'a. Ta tsaya ta dube su, ta dube ni, ta koma ɗakinta.

Washegari ta yi shiri ta ce za ta je ganin ƙaninta a wajen Birniwa. A garken ƙanin nan nata take da saniya guda, fara, jikar jikar karsanar nan da ta tsira daga fari. Ita kaɗai ce abin da ya rage mata na gidan ubanta. Duk shekara sai ta je ta gan ta, ta dawo da man shanu tana ba mu labarinta kamar labarin 'yar uwa. Bayan 'yan kwanaki ta dawo, babu man shanu. Ta kira ni ɗaki ta miƙo mini ƙullin tsumma.

"Kai wa mutumin nan. Ki ce ya sauke kayansa daga igiya, ya je ya haƙa raminsa."

Na ce, "Inna, ba dai farar ba?"

Ta ce, "Saniya a garken wani, ɗa a garin wani, ni me na riƙe ke nan? Tashi ki kai masa."

Ranar ba ta ci abinci ba. Maigidana ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya daɗe, yana ta maimaita "Allah Ya saka da alheri." Daga ciki ta ce, "Amarya, ce masa ya tashi, ya tare mini iska."

Ya haƙa tafkin a gonarmu ta fadama, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ya zuba. Suka yi ta girma gwanin sha'awa. Saura kaɗan a kwashe, kogi ya kawo ruwa irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Da gari ya waye, gona da tafki da hanya duk sun zama shimfiɗa ɗaya. Kifin ya bi ruwa, ko ɗaya bai rage ba.

Ban taɓa ganin maigidana a irin halin da ya shiga ranar ba. Ya zauna a gindin bango ya haɗa kai da gwiwa. Ba asarar kifin ce ta fi cin sa ba, saniyar ce. Ni kaina na kasa haɗa ido da Inna. Sai ga ta ta fito da butarta, ta dube shi, ta ce, "Amarya, wai ɗan masunci ne ya haƙa rami a kan hanyar ruwa? Ai kifin sun tafi gaida danginsu ne." Ta yi 'yar dariya, ta ƙara da cewa, "Gaya masa wanda bai taɓa asara ba bai fara kiwo ba. Ubana garke guda ya binne, bai mutu ba."

Shekarar nan yara sun yi ta kama manyan tarwaɗa a cikin gonakin shinkafa, gidajen da ruwa ya cinye wa amfani suka samu na miya. Duk wanda ya zo yi mana jaje, sai Inna ta ce, "Sadaka ce mutumin nan ya yi, bai dai yi niyya ba."

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa mantawa ba. Da ruwa ya janye, wata safiya muka ji kukan awaki a ƙofar gida. Matan da Inna ta ba riƙo ne suka haɗa baki, ba tare da kowa ya roƙe su ba, kowacce ta jawo ɗan akuya ko 'yar akuya daga cikin nata rabon. Babbarsu ta ce, "Inna, mun ji abin da ya sami ɗanki. A sayar da waɗannan ya sake gwadawa." Inna ta yi faɗa, ta ce ita ba ta ba da akuya don a biya ta ba. Matar ta ce, "Mu ma turkenmu ne ya yi kaɗan." Nan Inna ta sassauto. Ta zaɓi na waɗanda ta san suna da hali ta karɓa, ta mayar wa sauran nasu.

A karo na biyu maigidana ya haƙa a kan tudu, ya ɗaga bakin tafkin, ya sayi injin ban ruwa na hannu, ya kuma koyi kwashe kifinsa tun kafin kogi ya cika. Allah Ya sa albarka. Daga tafki ɗaya aka ƙara wani. Ruwan da ake zubarwa in za a canza, shi ya riƙa shayar mana da alayyafo da tumatir. Ni da wasu matan unguwa muka kama banda, 'yan kasuwa suna zuwa daga Haɗejiya suna ɗauka a kwali. Biyu daga cikin abokansa da suka tafi kudu sun dawo sun haƙa nasu. Ba mu yi arziki irin na labari ba, amma yaranmu sun yi karatu, ba mu kwana da yunwa ba, maigida kuma yana kwana a gidansa.

Inna ta daɗe ba ta taka wurin ba. Sai wata rana ya lallaɓa ta, ta bi mu tana cewa alayyafo za ta tsinka. Ya miƙa mata kwanon abincin kifi ya ce ta ƙwanƙwasa gefensa. Ta ƙwanƙwasa a yatsine. Nan take ruwan ya yamutse, baƙaƙen kawuna suka taso ta ko'ina suna turereniya a gabanta. Ta ja da baya, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Amarya, ashe suna ji!"

Daga ranar ta mayar da ba su abincin yamma aikinta, har ƙafa ta gagare ta. Tana watsa musu tana yi musu Fulatanci kamar awaki. Amma ci, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ci ba. Aminiyarta Babarbariya takan ce mata, "Kin ga ƙarshen Bafulatani, daga kiwon shanu an dawo kiwon tarwaɗa." Ita kuma ta ce, "Ai don in ciyar da bayina ne irinku."

Jinyarta ba ta yi tsawo ba, ba ta kuma yi tsanani ba. Tsufa ne kawai. Kullum da safe sai ta sa na buɗe mata ƙofa don ta riƙa hango turke daga kan gado. A safiyar da za ta cika, ta sha kunu kaɗan, ta yi salati, sannan ta ce mini, "Amarya, jar nan ta kusa haihuwa, a matsar da ita inuwa." Na fita na matsar da ita. Kafin in wanke hannu in dawo, ta tafi.

Bayan addu'ar bakwai 'ya'yanta suka zauna da liman kan maganar gado. Kayan ɗakinta ba su da yawa. Da aka zo kan dabbobin da ke hannun mutane, sai aka ga babu wanda ya san iyakarsu, don ita kaɗai ta riƙe abin a kanta. Ƙanin maigidana, wanda yake da iyali da yawa kuma abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, ya ce a yi shela kowa ya dawo da abin da ke wurinsa. Liman ya ce haƙƙinsu ne, in sun so su karɓa, in sun so su bar mata ya zama sadaka mai gudana. Sai autarsu mace ta ce, "Ni dai ba zan iya shiga gidan da Inna ta kai akuya in fito da ita ba." Maigidana ya dubi ƙaninsa ya ce, "Ka bar mata. Tafkin nan na biyu, daga yau kai za ka riƙa kula da shi, abin da ya fito naka ne." Ƙanin ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Suka ce ni zan ci gaba da lura da inda kowace akuya za ta koma, tunda ni na fi zama da ita. Na ce ban iya ba. Suka ce ita ma ba da iyawarta aka haife ta ba.

Ana nan, bayan an watse da 'yan kwanaki, ina tankaɗe a tsakar gida da hantsi sai na ji sallama. Wata mata ce da ban taɓa gani ba, da goyo a bayanta, ƙafafunta sun yi furu-furu da tafiya. A hannunta akwai sabuwar igiya ta kaba, an tufka ta da kyau, har an yi mata zarge. Ta gaishe ni, ta ce daga wani ƙauye take can bayan Guri, mijinta ya rasu da damina. Ta ce sun haɗu da wata tsohuwa a gidan suna watannin baya, tsohuwar ta ce in an gama girbi ta zo gidan nan da igiyarta.

"Ko tana ciki?" in ji ta.

Na ajiye rariya. Na ce mata Inna ta riga mu gidan gaskiya. Ta yi salati, ta zauna a ƙasa, ta yi mata addu'a mai tsawo. Sannan ta naɗe igiyar a hankali ta tura cikin zaninta, ta miƙe tana ba ni haƙurin damun da ta yi mini.

Na ce, "Tsaya ki sha ruwa tukuna." Na shiga turke na tsaya ina duban awakin, ina ƙoƙarin tuna abin da Inna take dubawa. Na zaɓi wata baƙa mai faɗin ciki, mai tsabtar ido, na jawo ta.

"Kawo igiyar," na ce mata. "Ta bar saƙo."

Allah Ya ji ƙan Inna, Ya yalwata mata kabarinta kamar yadda ta yalwata wa mutane gidajensu, Ya sa kowane ɗan akuya da za a haifa a gidajen nan ya zama nauyi a mizaninta. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.